Yadda Ake Haɗa DVR da Kwamfuta Don Kwashe Bidiyon Kyamarar Tsaro

Ba a tunawa da akwatin DVR, mai naɗar bidiyon kyamarorin tsaro, sai ranar da wani abu ya ɓace. Yana nan ƙarƙashin teburin kashiya ko saman kanta, ƙura ta lulluɓe shi, 'yar fitilarsa na ƙyaftawa, babu mai waiwayarsa. Ranar da aka ƙirga kaya aka tarar turmi shida na atamfa sun yi ƙafa, ko aka wayi gari babu babur a farfajiya, sai ka ga kowa ya taru gaban allo. Ganin abin da ya faru ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne fito da bidiyon daga cikin akwatin zuwa kwamfuta, yadda za a adana shi, a nuna wa shugabannin kasuwa, ko a miƙa wa 'yan sanda. Yawanci sai a ɗaga wayar hannu a ɗauki allon, a ƙare da bidiyo mai rawa da zane-zane, wanda ko uwar ɓarawon ba za ta gane ɗanta a ciki ba.

Wani mai shagon atamfa ya taɓa kirana da hantsi. Na iske shi da laftof a buɗe, da wata waya mai kan USB iri ɗaya gaba da baya, ya soka kai ɗaya a bayan DVR, ɗayan a kwamfuta.

"Malam, tun safe nake fama. Wayar nan sabuwa ce dal, amma kwamfutar ko gezau."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a zare ta tukuna, kada asarar atamfa ta haɗu da asarar kwamfuta."

Ba laifin wayar ba ne. Ramin USB na DVR mai masauki ne, baƙo yake jira, wato maus ko filashi. Na kwamfuta ma haka yake. In ka haɗa masu masauki biyu babu mai sauka gidan wani, ga shi kowannensu na turo wuta cikin wayar, abin da kan iya ƙona ramin. HDMI ma ba ta fisshe ka. Na DVR fitar da hoto yake yi, na laftof ma fitarwa yake yi, baki biyu ke nan babu kunne. Ƙofar da aka yi wa DVR don ya yi magana da kwamfuta ita ce ramin LAN, mai kama da na tsohuwar wayar tarho amma ya ɗan fi faɗi, kuma a kansa yawancin bayanin nan zai tafi. Zan riƙa misali da Hikvision da Dahua saboda su aka fi gani a shaguna da gidaje, sai kuma akwatunan nan masu arha, marasa tsayayyen suna, da ke aiki da manhajar XMEye.

Kafin ka taɓa kowace waya

DVR ba ya tsayawa idan faifansa ya cika. Komawa yake ya taka bidiyon da ya fi tsufa, ya rubuta sabo a kai. Ga lissafin: kyamara ɗaya da aka saita a megabit 2 a daƙiƙa tana cin megabait 900 a awa, wato giga 21 da ɗoriya daga safiyar yau zuwa safiyar gobe. Kyamara takwas sun tasam ma giga 173. Faifai mai terabait 1 ba zai cika kwana shida ba ke nan. Wanda aka yi wa sata ranar Litinin ya ce sai Lahadi in ya samu sukuni zai duba, yana iya tarar da an riga an bi ta kan wurin. Don haka ka fara shiga Playback a kan DVR ɗin kansa, ka duba kalandar, ka ga rana mafi nisa da ke ɗauke da alama. In ranar da kake nema ta kusa bakin gaɓa, kulle fayil ɗin. A Hikvision da Dahua akwai alamar kwaɗo a jerin fayilolin da bincike ya fito da su, wanda aka kulle kuwa ba a taka shi. In ka rasa kwaɗon, shiga saitin Record ka tsayar da naɗin kyamarorin da ba su da muhimmanci, cin faifan zai ragu har ka gama.

Sai agogo. Kalli lokacin da ke kusurwar allon DVR, ka kalli na wayarka, ka rubuta bambancin a takarda. Da yawan akwatunan nan na zuwa da lokacin ƙasar Sin, GMT+8, mu kuwa a Najeriya da Nijar a GMT+1 muke, tazarar awa bakwai. In wanda ya kafa na'urar bai gyara ba, abin da ya faru ƙarfe 2 na dare sai ka same shi a ƙarfe 9 na safe. Akwai kuma ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga a cikin akwatin, shi ke riƙe agogon in an ɗauke wuta. Idan ya mutu, kwanan wata na iya komawa 1970 ko 2000 duk sanda NEPA ta yi halinta, bidiyon daren jiya yana can kwance a shekarar da ba a ma ƙera na'urar ba. Kada ka gyara agogon yanzu. Canja lokaci kan hargitsa jerin fayiloli, bari sai ka kwashe abin da ya kawo ka. Ɗauki hoton allon DVR da agogon wata wayar a gefensa, ka ajiye. In magana ta yi nisa za a nemi wannan hoton.

Kalmar sirri ita ce ke tsayar da rabin aikin. Masu kafa kyamara da yawa kan tafi da ita a kansu, mai shago bai taɓa tambaya ba. Tsofaffin Hikvision na zuwa da admin da 12345, tsofaffin Dahua da admin da admin, na XMEye kuwa admin ne kawai a bar gurbin kalmar babu komai. Sababbi tilasta maka suke ka ƙirƙiri taka ranar da aka fara kunnawa. Gwada waɗancan sau ɗaya, amma kada ka zauna kana ta cinke, domin bayan 'yan kurakurai na'urar kulle kanta take yi na wani lokaci. Kira wanda ya kafa ya fi sauri. In ya ɓace, dillalin da ya sayar da akwatin na iya taimakawa a sake sabuwa.

A ƙarshe ka tabbata DVR na kan inbata ko UPS, laftof kuma cike da caji. Fayil ɗin da wuta ta katse a tsakiya sau da yawa ba ya buɗewa.

Kayan da za ka riƙo

Kebul ɗin LAN, Cat5e ko Cat6, mai kan RJ45 gaba da baya. Mita biyu ya isa, ko da yake yana aiki har mita 100. A da, haɗa na'ura biyu kai tsaye sai da kebul na musamman mai sarƙaƙƙun wayoyi, yanzu kwamfutoci na gyara wannan da kansu, kowane kebul na yi. Siraran laftof na zamani ba su da ramin LAN, sai ka sayi 'yar adafta mai kan USB a gefe ɗaya da ramin LAN a ɗayan. Ana samunta a Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja da duk inda ake sayar da kayan kwamfuta. Manhajojin da zan ambata a ƙasa kyauta ne, ka sauke su daga shafin kamfanin tun kana gida, domin da zarar an fara aiki za a kashe intanet.

Jona kebul da daidaita adireshi

In shagon na da rauta, kuma DVR na jone da ita har mai shi na kallon kyamarori a waya ta manhajar Hik-Connect ko DMSS, ka huta. Jona kwamfutar da wannan rautar, da kebul ya fi, ka nemo adireshin DVR kamar yadda zan faɗa, ka tsallake saitin Windows. Muddin da adireshin cikin gida ka shiga, bidiyon tsakanin na'urorin biyu yake tafiya, ba ya cin data ko ta sisi.

In babu rauta, soka kai ɗaya a ramin LAN na DVR, ɗayan a kwamfuta, har ka ji ƙas. Duba fitilun bakin ramin: ɗaya ta tsaya a kunne, ɗaya na ƙyaftawa. In babu wadda ta kama, kada ka ɓata lokaci a kan saiti, matsalar kebul ce ko ramin. Mai NVR kuma, wato ɗan'uwan DVR da ake jona wa kyamarori da kebul ɗin LAN, ya lura, a bayansa akwai jerin ramuka huɗu ko takwas ko sha shida na kyamarori, da guda ɗaya a ware da aka rubuta LAN. Wancan na waren ake so.

Kebul kaɗai bai isa ba, sai na'urorin biyu sun zama 'yan unguwa ɗaya. Kowace na'ura na da adireshin IP, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kamar 192.168.1.64. A irin saitin gida da shago, kashi ukun farko su ne unguwa, na ƙarshe lambar gida. Unguwa dole ta zama ɗaya, lambar gida dole ta bambanta. Duk wahalar da ake sha a wannan mataki, a cikin jumlar nan take.

Fara da DVR. Danna maus ta dama a kan allon, shiga babban menu, nemi Network. A Dahua yana fili, sai ka shiga TCP/IP. A Hikvision yana ƙarƙashin Configuration a tsofaffi, ko System a wasu sababbi. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton shafin da wayarka. Za ka ga IP Address da Subnet Mask da wani ɗan akwati mai suna DHCP. In akwatin na da maki, ma'anarsa DVR jira yake rauta ta ba shi adireshi, ga shi babu rauta. Cire makin, rubuta 192.168.1.64 a adireshi, 255.255.255.0 a Subnet Mask, danna Apply. In babu maki tun asali, kwafi adireshin da ka tarar, kada ka canja shi. Wanda ba a taɓa taɓawa ba, Hikvision kan zo da 192.168.1.64, tsofaffinsa da 192.0.0.64, Dahua da 192.168.1.108, na XMEye da 192.168.1.10. Amma abin da idonka ya gani a allo shi ne abin bi.

In akwatin ba shi da allo a jone, akwai ƙananan manhajoji masu shinshino shi ta kebul ko da unguwarku ba ɗaya ba: SADP ta Hikvision, ConfigTool ta Dahua. Buɗe, ba ta izini in Windows ta tambaya, za ta jero na'urar da adireshinta.

Yanzu kwamfuta. Kashe Wi-Fi tukuna, domin rautoci da yawa ma a unguwar 192.168.1 suke, sai Windows ta rasa ta ƙofar da za ta fita. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna Enter. Taga za ta buɗe da hanyoyin sadarwar kwamfutar. Nemi Ethernet, in adafta ka soka tana iya fitowa da suna Ethernet 2 ko 3, wadda babu jan kuros a kanta ita ce. Danna ta da maus ta dama, zaɓi Properties, danna Internet Protocol Version 4 sau biyu. Nan ma ɗauki hoto. Zaɓi Use the following IP address. In DVR na 192.168.1.64, ba kwamfutar 192.168.1.50. In yana 192.0.0.64, ba ta 192.0.0.50. Subnet mask 255.255.255.0. Bar Default gateway da DNS babu komai. Danna OK, ka sake danna OK a tagar baya. Mutane kan manta na biyun, saitin kuma ya ƙi zama. Windows za ta rubuta Unidentified network, ta ce babu intanet. Ƙyale ta, ba intanet muka zo nema ba.

Sai a yi sallama a ji ko za a amsa. Windows da R, rubuta cmd, Enter. A baƙar tagar rubuta ping, bar tazara, sa adireshin DVR, danna Enter. In ka ga layi huɗu masu farawa da Reply from 192.168.1.64, kowanne da time na ƙasa da daƙiƙa, an amsa. In ka ga Request timed out, babu kowa a gidan. Akwai amsa ta uku mai yaudara, wadda ta taɓa cinye mini rabin awa: Reply from 192.168.1.50, sannan Destination host unreachable. Ido na ganin Reply sai zuciya ta kwanta, alhali in ka duba lambar, kwamfutarka ce ke amsa wa kanta cewa ba ta samu kowa ba. A wannan hali rubuta ipconfig ka duba. In adireshin Ethernet ya fara da 169.254, saitinka bai zauna ba, ko kuma a wata adaftar ka sa shi. In daidai yake, koma kan DVR ka sake karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, sannan ka gwada wani kebul.

Sauke bidiyon

Hanya biyu ce, burauza ko manhajar kamfani. Ta burauza kamar ta fi sauƙi: rubuta adireshin DVR a dogon gurbin sama, shafin shiga ya fito, sa admin da kalmar sirri, je Playback, zaɓi kyamara, danna alamar kibiya mai kallon ƙasa, sa lokacin farawa da na ƙarewa, danna Search, yi wa fayilolin maki, danna Download. A sabon akwati haka ɗin ne. A tsoho kuwa za ka tarar da baƙin allo da saƙon cewa sai ka sanya wata 'yar manhaja, wadda ba ta aiki sai a Internet Explorer, ita kuma Microsoft ta yi mata ritaya tun Yunin 2022. Abin da ya rage shi ne ka buɗe Edge, ka shiga Settings, sannan Default browser, ka yarje wa shafuka su buɗe a yanayin Internet Explorer, ka rufe burauzar ka sake buɗewa. Ko bayan haka, wani lokaci za ta ce ta gama saukewa, ka je foldar ka tarar wayam. Maganin wannan shi ne buɗe burauzar da Run as administrator, da kuma duba Configuration, sannan Local, inda aka rubuta foldar da fayiloli ke sauka. Ni dai in ba dole ba, ba na bi ta nan.

Manhajar kamfani ta fi kwanciyar hankali. Ta Hikvision ita ce iVMS-4200. Karon farko da ka buɗe za ta nemi ka ƙirƙiri suna da kalmar sirri. Wannan na manhajar ne ita kanta, ba na DVR ba, kuma nan mutane ke rikicewa. Ƙirƙiri wanda za ka tuna, ka wuce. Shiga Device Management, danna Add. Sa kowane suna, sa adireshin DVR, bar Port a 8000, sannan admin da kalmar sirrin DVR. Yi maki a Import to Group. Kusa da shi akwai Synchronize Time. Kada hannunka ya kai can, domin zai mayar da agogon DVR daidai da na kwamfuta, abin da muka ce a jinkirta. In ka ga Online, buɗe Remote Playback, zaɓi kyamara da rana, bidiyon zai fara tafiya, layin lokaci na ƙasa. Ja layin zuwa inda abin ya faru, bisa agogon DVR ba na hannunka ba. Danna alamar saukewa, za ta ba ka zaɓi: ko fayiloli sukutum, ko ka sa lokacin farawa da na ƙarewa.

Ta Dahua ita ce SmartPSS, ko ƙanwarta SmartPSS Lite. Tsarin kusan ɗaya ne, sai dai Port ɗinta 37777 ne. A Playback ka zaɓi kyamara da rana ka danna Search, sannan alamar almakashi sau ɗaya a farkon wurin, sau ɗaya a ƙarshe. Za ta tambaye ka folda da nau'in fayil. Sauke asalin DAV, nau'in fayil ɗin Dahua, sannan ka sake saukewa a MP4. Akwatunan XMEye kuwa da manhajar VMS ko CMS suke tafiya, Port 34567.

Abin da za ka ɗiba ma sai da tunani. DVR na da zubi biyu na kowace kyamara, Main Stream mai kauri da tsabta, da Sub Stream siriri wanda aka yi don kallo a waya. In an ba ka zaɓi, Main Stream za ka ɗauka, in ba haka ba lambar mota za ta zama dishi-dishi. Kada ka yanke daidai daƙiƙun da hannu ya shiga kanta. Ƙara aƙalla minti goma gaba, goma baya, ka kuma ɗebo kyamarar bakin ƙofa da ta layi. A shagon Alhajin nan, kyamarar ciki ƙeya da hula kawai ta kama. Ta waje ce, minti takwas kafin nan, ta nuna mutumin yana tsaye yana sayen ruwa, fuskarsa tar.

Sauke kyamara ɗaya bayan ɗaya. Ramin LAN na ƙananan DVR da yawa megabit 100 ne, wato bai wuce megabait 12 a daƙiƙa ba in komai ya tafi daidai, shi kuma akwatin yana naɗin sabon bidiyo a lokaci guda, don haka ba ya kaiwa haka. In ka jera masa fayil ashirin, wasu za su tsaya a rabi. Hana kwamfutar barci a saitin wuta, kada kuma ka rufe murfinta.

In filashi kawai gare ka

Ga bidiyon minti ashirin ko awa ɗaya, wannan ta fi kowace hanya gajarta. Kwashe abin da ke cikin filashin tukuna. Soka shi a DVR, shiga Export a Hikvision ko Backup a Dahua, zaɓi kyamara da lokaci, bincika, yi maki, tura. In akwatin bai ga filashin ba, yawanci tsarinsa ne bai gane ba. FAT32 ne kusan kowane DVR ke karɓa, kuma a shafin akwai maɓallin Format da zai gyara shi, tare da goge duk abin da ke ciki. Karanta sunan da kyau ka tabbata filashin ne aka zaɓa. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, shi ya sa dogon bidiyo ke fitowa gunduwa-gunduwa. In an ba ka zaɓin haɗawa da Player, wato manhajar kallon bidiyon, karɓa. Jira sai ya ce ya gama kafin ka zare. Filashin bogi, mai rubutun giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, zai nuna maka sunayen fayiloli lafiya lau, sai an zo buɗewa ido ya raina fata.

Fayil ya sauka amma ya ƙi buɗewa

Ba lalacewa ya yi ba, galibi. Fayil ɗin Hikvision na ɗauke da sunan mp4 amma ɗinkinsa na gida ne, na Dahua dav ne, na XMEye kan zo da h264. Gwada manhajar VLC da farko. In ta ƙi, ko layin lokaci ya ƙi jawuwa, koma ga na masu abin: VSPlayer ta Hikvision, Smart Player ta Dahua. In akwai sauti babu hoto, ko allo ya yi kore, mai yiwuwa an naɗe shi da tsarin matse bidiyo na H.265, wanda tsofaffin kwamfutoci da manhajar kallon bidiyo ta Windows kan gaza karantawa. In za ka juya shi zuwa MP4 na gama-gari don wasu su kalla, kwafi za ka juya. Asalin ya zauna yadda ya fito, ko sunansa kada ka canja.

Maganar cire faifai

Wani zai ce me ya kawo duk wannan, a kwance akwatin a ciro had dis ɗin a jona da kwamfuta mana. Nan ne aka fi yin asarar da ba ta da gyara. DVR ba ya rubutu da tsarin da Windows ta sani. Kana jona faifan ba za ka ga folda ko ɗaya ba, sai dai taga ta fito tana neman ka yi Initialize, ko ta ce sai an yi Format kafin a yi amfani da shi. Yaro mai saurin hannu ya danna OK, shi ke nan. In har ka tsinci kanka gaban wannan tagar, Cancel ne amsa, ka zare faifan.

Akwai halin da cirewar ke zama dole, kamar tsawa ko wuta mai ƙarfi ta ƙona akwatin amma faifan ya tsira. A nemi DVR na kamfani ɗaya, in da hali samfuri ɗaya, a sa faifan a ciki, yawanci zai karanta tsohon bidiyo. In shi ma ya nemi a yi masa Initialize, a ƙi. A tuna kuma yana kunnuwa zai iya ci gaba da naɗi, don haka kada a jona masa kyamara. In wannan bai yi ba, aikin ya zama na masu ceto bayanai, masu manhajojin da aka yi don faifan DVR.

In ramin LAN da na USB duk sun mutu amma hoto na fita, saura dabara ɗaya: 'yar na'urar kamun hoto mai ramin HDMI a gefe ɗaya da kan USB a ɗayan. Ita ce kunnen da laftof ba ta da shi. Jona HDMI na DVR a cikinta, soka ta a kwamfuta, buɗe manhajar OBS Studio, ƙara Video Capture Device, kunna bidiyon a DVR da cikakken allo, danna Start Recording. Awa ɗaya na bidiyo awa ɗaya za ka zauna, kuma abin da ka samu hoton hoto ne, ba asali ba. Ya dai fi ɗauka da waya nesa ba kusa ba.  

In bidiyon zai je hannun hukuma

A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa shaidar da ta fito daga kwamfuta sai da bayanin na'urar da ta samar da ita da yadda aka samar, wanda akan gabatar a takarda mai sa hannu. Lauya ne zai tsara takardar, amma kai ne za ka ba shi abin rubutawa. Tun a ranar ka rubuta sunan DVR da samfurinsa da lambar jikinsa, lambar kyamara, lokacin da ka ɗiba, bambancin agogo, hanyar da ka bi, da wanda ke wurin. In kana son ƙarin tabbaci, a baƙar tagar nan ta cmd rubuta certutil -hashfile, sai cikakken sunan fayil, sai SHA256. Za ta ba ka dogon layin haruffa da lambobi, wanda ke canjawa gaba ɗaya in an taɓa ko ɗigo a fayil ɗin. Kwafe shi cikin takardar.

Yi kwafi biyu a wurare biyu. In ta WhatsApp za ka aika, tura shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har giga 2, domin in ka tura shi a matsayin bidiyo matse shi za ta yi, fuskar da ka sha wuya a kanta ta dushe. Watsa shi a Facebook da sunan cigiya kuwa, ni ba na ba da wannan shawara. Kama da wane ba wane ba ce, kuma a bidiyon akwai masu sayayya da masu wucewa da ba su ji ba su gani ba.

Kafin ka bar wurin, mayar da komai mazauninsa. A kwamfuta koma ncpa.cpl ka zaɓi Obtain an IP address automatically, in ba haka ba ranar da ka soka kebul a ofis intanet zai ƙi zuwa ka rasa dalili. A DVR duba hoton da ka ɗauka, ka mayar da makin DHCP in da shi ka tarar, ka mayar da kebul ɗin rauta. Yanzu ne lokacin gyara agogo da yankin lokaci zuwa GMT+1, da buɗe fayilolin da ka kulle in an tabbatar kwafin na buɗewa. In da 12345 ko admin ka shiga, canja ta, ka rubuta wa mai shagon a takarda ya sa a aljihu. A 2016 irin waɗannan kalmomin na asali ne suka bai wa cutar kwamfuta mai suna Mirai damar mamaye ɗimbin kyamarori da DVR a duniya. Sannan ka ce wa Alhaji ya buɗe manhajar a wayarsa a gabanka, ya ga kyamarorin takwas sun dawo, kafin ka naɗe kebul ɗinka.